Gaisuwar Sallah daga Kanbera

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fata kun yi Idi lafiya. Mu nan Ostareliya tsakiyar sanyi muke, kuma ba a ba da hutun Sallah, daga masallaci asibiti na wuce.

Da na tashi aiki kewar gida ta rufe ni, har na yi 'yar ƙwalla. Abokiyar aikina ta ja ni gidan tunawa da mazan jiya don in sha iska. A harabar akwai mutum-mutumin wata nas ta soja, Vivian Bullwinkel, wanda aka kafa a 2023. Inna, tun da na ji labarinta yake ta yi mini yawo a ka.

A Fabrairun 1942 sojan Jafan suka doshi Singafo, aka kwashe nas-nas 65 na sojan Ostareliya daga can a jirgin ruwa, har da ita. Bayan kwana biyu jiragen sama suka nutsar da shi kusa da tsibirin Banka, a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya. Su 22 da suka taru a bakin gaɓa ɗaya suna jinyar masu rauni, sojan Jafan suka kora su cikin teku, suka buɗe musu wuta ta baya. Ita kaɗai ta tsira. Harsashin ya ratsa ta ƙugunta ya fita, ta yi lamo kamar gawa har suka tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da raunin nata ta yi kwana 12 a daji tana jinyar wani sojan Ingila. Ni da ciwon kai kawai ke sa in nemi canjin aiki! Da yunwa ta ci ƙarfinsu suka miƙa wuya. Shekara uku da rabi tana tsare, tana rufe hudar rigarta da gorar ruwa, don in aka gane ta ga abin da ya faru, kashe ta za a yi. Cikin 65 ɗin nan, 24 ne suka koma gida. A 1946 ta je Tokiyo ta ba da shaida a kotu.

Na tura wa Yaya kuɗin barka da Sallar yara, a raba har da 'ya'yan Gwaggo. Don Allah kada a sake yunƙurin aiko mini da soyayyen nama, 'yan kwastan na nan ƙwacewa suke yi. A gaida Baba, a ce ya sa ni a addu'a.

Taki,
Auta