Rahoton Ayyukan Shekara: Kisan da 'Yan Sanda ke yi ba tare da Shari'a ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi a madadinku a shekarar da ta gabata.

Yawancin ƙarfinmu ya tafi ne wajen bin iyalan waɗanda suka rasu a hannun 'yan sanda, tun daga caji ofis har mutuware. A nan muka ƙara tabbatar da cewa kwana biyu ko uku na farko su ke yanke makomar shari'a. Iyali suna cikin jimami, burinsu a ba su gawa su yi mata sutura, sai a miƙo musu takarda su sa hannu cewa ba su da ƙorafi. Da an binne ba tare da likita ya duba raunukan ba, lauya ya rasa madafa. Shi ya sa muka horar da masu sa kai su isa da wuri, su ɗauki hoton raunuka da izinin iyali, su rubuta sunayen shaidu, su nemi rahoton binciken gawa. Wasu iyalai sun ƙi, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Da 'yan jarida mun yi zama mai zafi. Ƙorafinmu shi ne yadda sanarwar kakakin rundunar ke zama labari kai tsaye: "an kashe 'yan fashi a musayar wuta", babu wanda ya tambayi ina makaman, ko ɗan sanda nawa ya ji rauni. Mun tuna musu da matasa shida na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005. 'Yan fashi aka fara kiran su, sai da kwamitin bincike ya sa aka tono gawarwakin gaskiya ta fito. Editoci sun ce mana wakilin da ya matsa da tambaya, gobe ba mai ɗaga masa waya. Uzurin ya karɓu, amma bai hana a ji ta bakin uwar mamaci ba. Wasu gidajen rediyo sun ba lauyoyinmu fili, mun gode musu.

Kotu kuwa, haƙuri take ci. Shari'ar Apo sai a Maris 2017 aka yanke ta, kusan shekara 12, inda aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa aka sallami uku. Lauya Bolanle Raheem da wani ɗan sanda ya harbe a Legas ranar Kirsimetin 2022, kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 2023, an yanke wa ɗan sandan hukunci. Ƙungiyar lauyoyi da jaridu sun tsaya mata ne. Ɗan talaka da ya mutu a tsare a caji ofis ba shi da wannan gatan, kuma irin shari'unsa ne a hannunmu. Ƙararrakin da muka shigar bisa sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi haƙƙin rayuwa, har yanzu ana ta ɗage su. Ko an ci nasara ma, karɓar diyya wani yaƙin ne, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Mun rubuta wa manyan majistare muna tunatar da su sashe na 34 na dokar shari'ar laifuka ta 2015, wanda ya ɗora musu ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Inda aka yi ziyarar, an saki mutanen da suka daɗe a tsare ba tuhuma. Mun kuma kai ƙorafe-ƙorafe Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, muna jiran amsa.

Asusu ya yi ƙasa, kuɗin mota zuwa kotu da na likita ne suka cinye shi. Ma'aji zai karanta lissafi a babban taro. A shekara mai zuwa muna neman likitoci biyu da za su yarda a kira su ko da tsakar dare, duk wanda ya san wani ya sanar da ofis.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa