Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Jami'ar Harvard, Farfesa Alan Garber

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin sakandare ne a Zariya, kuma ina cikin waɗanda ɗalibai ke zuwa wurinsu neman takardar shaida idan sun nemi gurbin karatu a ƙasashen waje. Ban taɓa taka ƙasar Amurka ba, amma takun saƙar da ke tsakanin jami'arku da gwamnatin Shugaba Donald Trump ya iso har cikin ajina, domin yaran da nake koyarwa suna tambayata ko har yanzu akwai amfanin su ci gaba da wahalar jarrabawa da cike takardu.

Yabon gwani ya zama dole. Ranar 11 ga Afrilun 2025 gwamnati ta aiko muku da jerin sharuɗɗa, ciki har da rufe shirye-shiryen da ke kula da daidaito tsakanin mutane masu bambancin launin fata da jinsi da kuma tace ɗaliban waje bisa ra'ayinsu, sai kuka amsa bayan kwana uku cewa babu gwamnatin da ta isa ta tsara wa jami'a mai zaman kanta abin da za ta koyar ko wanda za ta ɗauka. An riƙe muku kuɗin bincike sama da dala biliyan 2, kuka garzaya kotu. Ranar 22 ga Mayu Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, ƙarƙashin Kristi Noem, ta soke izininku na ɗaukar ɗaliban waje, waɗanda yawansu ya kai kusan 6,800, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibanku, washegari kuka sake shigar da ƙara, Mai Shari'a Allison Burroughs ta dakatar da matakin. A watan Satumba ita ce kuma ta yanke hukuncin cewa riƙe kuɗin ya saɓa wa doka. A daidai lokacin da Jami'ar Columbia ta amince ta biya dala miliyan 200 don a sasanta, tsayuwarku ta sanyaya zukatan iyaye da yawa a nan.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. A ƙarshen watan Afrilun nan da kuka yi wannan jarumta, jami'arku ta sauya wa ofishin daidaito suna, ta kuma daina ɗaukar nauyin bukukuwan yaye ɗalibai da baƙar fata da sauran ƙungiyoyi ke shiryawa. Wata guda kafin nan an sauke shugabannin cibiyar nazarin Gabas ta Tsakiya, an kuma dakatar da haɗin gwiwa da Jami'ar Birzeit ta Falasɗinu. Na san za a ce ko kusa ba umarnin gwamnati aka bi ba, gyara ne na cikin gida. Amma mai kallo daga nesa abin da yake gani shi ne an tare ƙofar gaba da ƙarfi, ana zare kaya ta ƙofar baya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2023, wanda ya haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, adadin baƙar fata a cikin sababbin ɗalibanku ya sauka daga kashi 18 zuwa kashi 14 cikin ɗari a zangon farko. Hukuncin kotu dole a bi shi, ba na jayayya da wannan, amma kotu ba ta hana jami'a ta je neman yaro mai hazaƙa a unguwar talakawa ba, ba ta kuma hana ta kula da shi idan ya zo ba.

Bari in faɗa muku yadda wannan al'amari yake a tsakar gida. Wata tsohuwar ɗalibata tana karatun digiri na biyu a wata jami'ar Amurka da ba taku ba. Mahaifinta ya rasu da damina, bayan da aka mayar da mafi yawan bizar 'yan Najeriya ta wata uku da shiga sau ɗaya a watan Yulin 2025. Jana'iza dama ba za ta riska ba, tunda a wurinmu ba a jinkirta gawa, amma ta so ta zo zaman makoki ta zauna kusa da mahaifiyarta. Da ta lissafa cewa idan ta fito ba lallai ta samu komawa ba, kuma tallafin karatunta na iya salwanta, sai ta haƙura. Na je gaisuwa ranar sadakar uku, aka shigar da ni har ciki, na tarar da uwar a kan tabarma ta jingina waya da kwanon sha, yarinyar tana kallo daga can, mata suna shigowa suna yi wa wayar ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Har aka yi arba'in ba ta zo ba.

Wannan tsoron ba na banza ba ne. Ɗalibanmu sun ga hoton bidiyon Rümeysa Öztürk, ɗalibar Jami'ar Tufts, maƙwabciyarku, wadda jami'ai masu rufe fuska suka kama a kan titi a watan Maris na 2025 tana kan hanyar zuwa buɗa baki. A watan Yuni aka hana 'yan Chadi da Sudan shiga Amurka, a Disamba aka ƙara da Nijar, aka kuma sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa sabuwar bizar karatu. Duk waɗannan ƙasashe ne da Hausawa ke zaune.

Na sani ba ku ke ba da biza ba, kuma ba zan ɗora muku laifin da ba naku ba. Amma akwai abin da ke hannunku. Makarantarku ta Kennedy, mai koyar da harkokin mulki, ta riga ta nuna hanya lokacin da ta shirya da Jami'ar Toronto cewa ɗalibin da ya kasa shiga Amurka zai iya ci gaba da karatu a Kanada. Ina roƙon a faɗaɗa wannan tsari ya game dukkan tsangayoyi, a kuma rubuta shi a fili cikin takardar da ake aika wa ɗalibi, cewa duk wanda biza ta tsare za a ajiye masa gurbinsa da tallafinsa har ƙofa ta buɗe. Jami'ar da asusunta ya haura dala biliyan 50 ba za ta gaza wannan ba, kuma idan kuka yi, ƙananan jami'o'in da ke kallon takunku za su samu ƙwarin gwiwa.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun sulhu, wanda aka sha jin ana tattaunawa a kansa tsakaninku da Fadar White House. Ba na ƙin sulhu, kuma na san akwai dakunan bincike da marasa lafiya da ke jiran kuɗin nan. Roƙona shi ne kada bayanan ɗaliban waje, da abin da suka faɗa a taro ko suka rubuta a jarida, su shiga cikin abin da za a miƙa. Lauyoyinku sun shaida wa kotu cewa idan babu ɗalibanta na waje Harvard ba Harvard ba ce. Daga jami'ar nan Ngozi Okonjo-Iweala ta fito a 1976, kuma a ajina na bana akwai yarinyar da ta manna hotonta a bangon littafinta, ta riga ta kawo mini takardar da zan cike mata. Zan cike in sa hannu a wannan makon, ina kuma fatan samun amsarku kafin ta tambaye ni abin da zai biyo baya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin sakandare, Zariya