Kafin mu zargi kamfanonin sadarwa da shan data, mu leƙa cikin gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan kokawar da jama'a ke yi game da saurin ƙarewar data, wadda ta ƙara tsananta tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ban zo wanke kamfanonin ba, sai dai abin da ya faru a gidana ya nuna mini cewa wani lokacin ɓarawon na cikin gida.

Giga 100 nake saya wa rautar gidanmu, wato na'urar da ke raba wa wayoyi da kwamfutoci intanet, duk wata, sai ga shi ta ƙare cikin kwana 12. Har na fara shirin zuwa ofishin kamfanin in yi ƙorafi, sai wani dare na farka wajen ƙarfe biyu, kowa na barci, na ga fitilar rautar tana ta ƙiftawa babu ƙaƙƙautawa, alamar ana hada-hada a kanta.

Da gari ya waye na juya bayanta, na kwafi adireshin da ke manne a jiki, wato 192.168.0.1 (wasu kan zo da 192.168.1.1), na rubuta shi a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, na shiga shafin da ke nuna na'urorin da ke haɗe da ita. Na ƙirga 11, alhali bakwai na sani. Kowace tana da lambar shaidarta da ake kira MAC, mai haruffa da alƙaluma 12, amma dogaro da lambar kaɗai na iya sa a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, domin wayoyin zamani kan ɓoye lambarsu ta asali su nuna wata. Don haka na bi hanya mai sauƙi, na riƙa kashe na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya ina duban wadda ta ɓace daga jerin. Biyu daga cikin baƙin ashe talabijin ce da kyamarar tsaron ƙofar gida, waɗanda na manta da su. Sauran biyun wayoyin yaran maƙwabta ne, da ɗana ya ba su kalmar sirri don zumunci.

Abin mamaki shi ne, da na duba abin da kowace na'ura ta sha, na yaran maƙwabtan bai taka kara ya karya ba. Wayar uwargida ce ke loda bidiyoyin bikin ƙanwarta zuwa ma'ajiyar intanet cikin dare, kwamfutata kuma tana sauko da sabunta manhaja ba tare da ta nemi izinina ba.

Kyamarar ce ta fi tayar mini da hankali, domin kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta ce har lokacin a kanta. Da irin wannan sakaci muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci, aka kai hari da su kan kamfanin Dyn na Amurka, mai sada masu amfani da intanet da shafukan da suke nema, a watan Oktoban 2016, har shiga Twitter da Netflix ya gagari mutane da dama. Masu na'urorin ba su ma san ana aika-aika da datarsu ba.

Na canza kalmomin sirri na rautar da na kyamarar, na kashe lodin bidiyo na kai tsaye, na kuma ƙayyade wa kwamfutar abin da za ta sha. Roƙona ga masu sayar da waɗannan na'urori shi ne su riƙa sa mai saye ya canza kalmar sirri tun kafin ya bar shago, ita kuma NCC ta fitar da wannan bayani da Hausa a gidajen rediyo, inda akasarin mutanenmu za su ji.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya