Karkace daban, naɗi daban, murɗi daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da gyara a kan kalmar "karkace" da masu fassara labaran kimiyya ke jefawa duk inda aka yi maganar siffa mai juyawa. Abin da ya karkace shi ne wanda ya kauce daga miƙe, kamar bango ko sanda, bai zagaya komai ba. Siffofin da ake nufi biyu ne, kuma kowace muna da kalmarta.

Ta farko naɗi ce: layi ya taso daga cibiya yana zagayawa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, amma duk a kwance yake. Maganin sauro na kunnawa shi ne misali. Idan ratar da ke tsakanin zagaye da zagaye ɗaya ce, wannan shi ne naɗin da ake jingina wa Arkimidis, masanin lissafin Girka. Idan kuwa ratar tana ƙaruwa da ninki, an koma irin na kwanson katantanwa.

Ta biyu murɗi ce, wadda masana ke kira heliks. A nan faɗin zagaye ba ya canzawa, gaba yake ci. Ciro sifirin da ke cikin biro ka leƙa shi ta baki: da'ira ɗaya tak za ka gani. Da naɗi ne, da ka ga layi yana buɗewa. Saboda haka matakalar bene mai zagaya ginshiƙi murɗi ce, ko da Turawa sun saba ba ta sunan ɗaya siffar.

Murɗi yana da abu biyu da dole a faɗa. Na farko rata, wato tafiyar da yake yi a juyi guda. Kusar noti mai lamba M10 ta yau da kullum tana shiga milimita 1.5 a kowane juyi, amma akwai M10 mai ratar 1.25. Kaurinsu ɗaya, ido ba ya bambanta su da sauri. Noti zai kama, ya yi juyi ɗaya ko biyu, sai ya cije. Wanda ya matsa da sifana ya cinye haƙoran duka biyun.

Na biyu hannu. Tsayar da kusar a gabanka: idan layukan da ke fuskantarka suna hawa zuwa dama, murɗin dama ne, agogo yake bi wajen ɗaurewa. Ka juya ta kai ƙasa, ba za ta sauya hannu ba. Madubi ne kaɗai ke sauya shi. Fedar hagu ta keke murɗin hagu gare ta, don kada tuƙi ya kwance ta, shi ya sa wanda bai sani ba yake ƙara ɗaure ta yana zaton kwancewa yake yi.

A nan ne hotunan DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, ke shan wahala. Siffar da masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana a 1953, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, igiya biyu ce a tufke, murɗin dama, kusan matakai 10 a kowane juyi. Mai tsara shafi sai ya juya hoton kamar a madubi don ya dace da rubutu, ya mayar da shi na hagu ba da saninsa ba. Ina roƙon a rubuta "murɗi mai igiya biyu", a kuma duba hannun hoton kafin a buga.

Naku,
Mai karanta shafinku na kimiyya