Zuwa ga Uwata, a Gidan Gwaggonki

Assalamu alaikum.

Uwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaranta. Mu nan lafiya lau, an fara yankan gero.

Gwaggonki ta kira ni daren jiya. Ta ce ranar awo ta zo ta wuce kin ƙi fita, kin ce ba za ki zauna a layi cikin matan aure ana kallon ki ba. Ta ce kina ɗaure cikin da ɗankwali har numfashi na yi miki wuya. Wanda ya fi tayar mini da hankali, wai akwai wata mai kawo tallan kayan mata da ke jan ki gefe tana yi miki maganar wani jiƙo da za ki sha ki huta. Tun da na ajiye wayar ban runtsa ba.

Wallahi ko da wasa kada ki kai abin nan bakinki. Ki huta ina? Cikin da ya kai watannin naki, in aka taɓa shi da irin wannan, jini ne ke ɓallewa, kafin a samo mota an gama. Ashe abin da ya riga ya faru bai ishe mu ba, sai kin ƙara mana da ɗaukar gawa? Kunyar da ba ki ji ba lokacin da innarki ke hana ki dogon hira a zaure, yau ita za ki ji a gaban malamar asibiti?

Na san kina ganin korar ki na yi. Da kin ji abin da baffanninki suka so a yi, da ba ki ce haka ba. Na gaya musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kunya akwai ta, ba zan ɓoye miki ba, har zaman bakin masallaci bayan la'asar na rage. Amma Jahun na zaɓa saboda asibitin. Tun 2008 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aikin haihuwa a nan kyauta, kuma nan ake kawo masu yoyon fitsari daga ko'ina a yi musu gyara. Shekarunki 15, ƙugunki bai gama buɗewa ba. In naƙuda ta yi tsawo, kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara, daga nan lalurar ke samuwa. Kin taso kin ga Iya Ƙarama, kin san dalilin da ya sa ba ta shiga taron biki. A ɗaki aka bar ta durƙushe har kwana uku, wai haihuwar fari sai da jarumta. Ina raye ba za a yi miki haka ba.

Saboda haka ki je awo, ki sa dogon hijabinki, Gwaggo ta raka ki. A auna jininki, ki sha ƙwayar ƙarin jinin da za su ba ki ko tana tayar miki da zuciya, ki kwana cikin gidan sauro, yanzu lokacinsa ne. In kin ga fuska ko hannu sun kumbura, ko kai na sara, ko kina gani dishi-dishi, ki faɗa nan take ko tsakar dare ne, jijjiga ba ta jiran gari ya waye. Naƙuda na tasowa ku tafi asibiti, ban yarda a tsaya jiran ungozoma ba.

Maganar yaron nan da ya yi miki cikin tana gaban dagaci. Malam ya ce babu batun aure sai kin sauka, bayan nan ma ba zan tilasta miki ba. Abin da ke cikinki kuwa bai yi laifin komai ba, jinina ne, rago zan yanka masa kamar kowa. Tsakaninki da Ubangijinki sai tuba, kada ki bar salla.

Littattafanki suna cikin adaka, na hana ƙannenki taɓawa. Innarki ta ce in kin yaye ita za ta riƙe, ki koma ki zana jarrabawar JS3, ko da a wata makarantar ce. Ba ta ce in gaishe ki ba, kin san halinta, amma kuka da daddawar da ke cikin buhun nan ita ta ɗaura da hannunta.

Ranar kasuwar Gujungu zan biyo in Allah ya yarda. Ki ajiye mini katin awon, ina so in ga an rubuta a ciki. Allah ya raba lafiya, ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki