A Bar Masu Rawar Koroso Su Koma Atisaye a Fili

Ya mai girma Edita,

Na karanta sanarwar da gwamnatin Kano ta fitar a wannan wata na Janairun 2021, ta rufe ɗakunan taro da gidajen kallo saboda korona ta sake tasowa. Matakin ya dace, amma ya shafi har samarin unguwarmu masu rawar koroso, waɗanda da ita suke ci.

Haɗarin yana cikin ɗakin ne. Na sha leƙa inda suke atisaye: taga ɗaya, fanka ba ta aiki, kowa na haki yana zufa, sarewa guda tana yawo daga baki zuwa baki. A irin wannan rufaffen wuri cutar ta fi saurin bin numfashi.

Ina roƙon hukuma ta bar su su koma, amma a fili, da sanyin yamma. A raba su rukuni-rukuni, tazarar mita 2 tsakaninsu, a jingine salon da ake ɗaukar juna a kafaɗa. Makaɗa su sa takunkumi, mai busa ya koma gefe da sarewarsa shi kaɗai. A rubuta sunan duk wanda ya zo, mai tari ko zazzaɓi kuwa ya zauna gida.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano