Mu tuna da Hajiya Maryam Babangida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tuna da Hajiya Maryam Babangida, matar tsohon shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida, wadda ciwon dajin ƙwan mahaifa ya yi ajalinta a Amurka ranar 27 ga Disamba, 2009, tana da shekara 61. A Minna aka yi mata sutura.

Yaran yanzu sun fi saninta da hotunan ado da ɗaurin kallabi, amma mu da muka ga 1987 ba mu manta shirinta na Better Life, na kyautata rayuwar matan karkara, ba, wanda ya kai ƙungiyoyin gama-kai da ajin yaƙi da jahilci ƙauyuka. An soki shirin, an ce matan birni ne suka ci moriyarsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Duk da haka, ita ta sa aka fara sauraren matar karkara. Allah ya jiƙanta.

Naka,
Mai karatu daga Minna